Rumbun da Ya Ɓuya

Ni malamin lakwal ne a Damagaram. Shekara goma sha bakwai ke nan ina maimaita wa ɗalibai magana ɗaya kafin kowace jarrabawa: ku karanta tambaya har ƙarshe kafin ku ɗora alƙalami. Na faɗe ta har yara sun mai da ita sunana a bayan idona. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san irin mutumin da wannan abu ya faru da shi.

Mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa, majemi ne, ɗan majemi. Tun yana yaro yake cikin warin majema har ƙarfinsa ya ƙare. A cikinmu mu bakwai babu wanda ya gaji sana'ar. A shekarar 2022, da na ga jikinsa ya fara sanyi, sai na riƙa zuwa gida bayan la'asar ina ajiye waya a gefen tabarmarsa ina jan sa da hira. Da farko ya ƙi, wai shi ba mawaƙi ba ne da za a naɗi muryarsa. Daga baya shi da kansa yake tambaya ko na zo da “abin nan”. Ya faɗi yadda ake jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, yadda ake kankare ta, kwana nawa take yi a ruwan bagaruwa, da yadda ake fitar da ja daga karan dafi. Ya faɗi abin da ya sa fatar jar akuyar Maraɗi ta fi kowace daraja. Ya ba da labarin kai fata Kano, da yunwar 1984 wadda mutanenmu ke kira El-Buhari don ta zo daidai da rufe iyaka. Ya lissafa kakanninmu har bakwai, da garin da kowane ya fito. Hira arba'in da uku muka yi, kusan awa goma sha tara. Da daminar 2023 ya rasu.

Waya ta cika, sai na kwashe hirarrakin na zuba a kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda na saya ta hannu. Na kuma zuba kwafi a kile, wato ɗan abin ajiyar nan da ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa filash. Sannan na goge na cikin wayar da kwanciyar hankali. Abu yana wuri biyu, me kuma ya rage? Na yi wa ƴan'uwana alkawari cewa ranar ƙaramar Sallar 2024, idan kowa ya hallara, zan ba kowa nasa. Yayarmu ma daga Agadas za ta taso, kuma ta ce ba tuwon Sallah zai kawo ta ba, muryar Baba ce.

Saura kwana biyar Sallah, kwamfutar tana tsakiyar sabunta kanta da dare aka ɗauke kuran. Batirinta dama ya daɗe da gajiya, ba ya riƙe minti goma. Ta mutu a tsakiyar aiki. Da wuta ta dawo na kunna, sai ta nuna shuɗin allo, ta kashe kanta, ta sake tashi, ta ce tana gyara, ta koma shuɗin allo. Haka ta yi ta zagaye kamar raƙumin ban-ruwa.

Ban damu sosai ba. A lakwal ɗinmu ni ne “mai kwamfuta”. Na sha sake zuba Windows a tsofaffin injinan ofis, kuma hanyata ɗaya ce: a share komai, a zuba sabo. Washegari na ɗauki ɗaya daga cikin kile biyu da ke aljihun teburina, dukansu baƙaƙe, iri ɗaya, rana ɗaya na saye su. Na je wurin wani abokin aiki mai intanet mai ƙarfi, na sauke manhajar girkawa a kai. Kafin ta fara, wani ɗan akwati ya fito da rubutu layi biyu. Na danna “to” ban karanta ba. Ai na san abin da yake cewa.

Bayan an sha ruwa an yi asham, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na soka kilen, na tayar da kwamfutar daga kansa. Na zaɓi harshe, na amince da sharuɗɗa, na zaɓi girkawa sabuwa fil. Sai ga shafin da ke tambaya: a ina kake son a zuba? A nan ne ya kamata rumbun ajiyar kwamfutar ya bayyana da sassansa a jere, in goge su ɗaya bayan ɗaya. Yatsana har ya shirya.

Babu komai. Farin fili kawai, da ɗan rubutu a ƙasa cewa ba a ga rumbu ko ɗaya ba.

Na danna a sake dubawa. Babu. Na kashe na kunna. Babu. Na sauya ramin da na soka kilen. Babu. Sai na tuna wata dabara: na danne Shift da F10, baƙin allo ya buɗe, na rubuta diskpart, sannan list disk, wato a lissafo min duk rumbun da ke jikin injin. Abu ɗaya ya fito, mai giga talatin da ƴan kai ƙasa: kilen da na soka da hannuna. Rumbu mai giga 512 ya yi ɓatan dabo.

Na yanke hukunci nan take cewa ɗaukewar wutar ta ƙone shi. Na ji zafin kuɗin da zan kashe ana gobe-jibi Sallah, ga ɗinkin yara ban gama biya ba. Amma na ce alhamdu lillahi, tunda muryar Baba tana ɗaya kilen. Don in kwantar da raina, na shiga ɗaki na ɗauko shi. Kwamfuta babu, sai na ba maiɗakina ta haɗa da wayarta da ɗan igiyar da take da shi. Ta duba, ta ɗago kai.

“Malam, wannan ai nawa ne. Karatun Alƙur'ani ne da na ba ka ka ƙara min tun kafin azumi.”

Ban amsa ba. Na juya na kalli kilen da ke soke a jikin kwamfutar, ɗan fitilarsa yana ƙyaftawa. A lokacin ne rubutun nan mai layi biyu ya dawo min, kalma bayan kalma, kamar ana karanta min shi a kunne: duk abin da ke cikin wannan kile za a goge shi. Da hannuna na share kwafin. Na asalin kuma yana cikin rumbun da na ce ya ƙone.

Ban san yadda zan kwatanta wannan dare ba. Ranar da Baba ya rasu na yi kuka, amma akwai dangana a ciki, don ba ni na yi ba. Wannan kuwa ni na yi. Na je masallaci tahajjud, liman yana karatu, ni kuwa ina ƙoƙarin tuna sunan kakanmu na biyar, ya ƙi zuwa. Na gane cewa tun da na naɗi hirarrakin ban taɓa zama na saurare su ba. Ina jin tsoron muryar. Na bar wa inji ya riƙe min abin da ya kamata in riƙe a ka.

Da safe na hau kabu-kabu zuwa wajen Kasuwar Dole. Mai gyara na farko ya soka nasa kilen, ya ga farin filin da na gani, ya ce rumbu ya mutu, in kawo kuɗi ya sa sabo, tsohon kuma in jefar. Bai yi minti biyar ba. Na karɓi kayata na fito, ban san inda na nufa ba. Rana ta take, ga azumi. Ina tsaye a inuwar wata rumfa sai na ji an ce, “Mushe! Mushe, ina wuni?”

Wani saurayi ne a ƙofar wani ɗan shago da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Na ɗan jima kafin in gane shi. Ɗalibina ne shekaru takwas da suka wuce, mai zama a bencin baya, wanda na taɓa rubuta wa a takardar sakamako cewa ba ya mai da hankali. Bai ƙarasa lakwal ba. Ya share min kujera da hannun rigarsa, ya karɓi jakar, ya saurari labarin tun daga farko bai katse ni ba. Da na kai wurin kilen da na goge, na ga ya sunkuyar da kai yana danne wani abu a bakinsa. Bai ce komai ba. Ya yi min kara.

“Mushe, kun duba ko BIOS yana ganinsa?”

Ban duba ba. Ya kunna kwamfutar yana ta danna F2 har wani allo ya buɗe, wanda ke zaune a jikin injin tun kafin a zuba masa kowace manhaja. Ya shiga nan, ya fita can, sai ya juyo min da fuskar ya sa yatsa a kan wani layi. Ga sunan rumbun, ga lambarsa, ga 512.

“Yana nan da ransa. Da ya ƙone, ko da ya goce daga mazauninsa, nan ma ba za a gan shi ba. Sai mu kwance bayanta mu duba. Amma tunda injin ya san da shi, matsalar ba tasa ba ce. Mai neman ne ba ya jin yarensa.”

Na ce ya yi min bayani kamar yadda zai yi wa ɗan aji ɗaya. Ya yi murmushi, ya jawo wani mataccen inji daga ƙarƙashin tebur, ya nuna min irin rumbun. Ni a saninna rumbun kwamfuta wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai faifai yana juyawa a ciki. Wannan kuwa ɗan siririn abu ne kamar tsinken awara, faɗinsa milimita 22, tsawonsa 80, babu abin da ke motsi a jikinsa. Ana ce masa NVMe. Ya ce ƙwaƙwalwar kwamfutata ta Intel ce, zubi na 11, irin waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2020. A yawancin injinan wannan zubi da na bayansa akwai wani tsari da ake kira VMD, wanda ke tsayawa tsakanin rumbu da manhaja kamar sarkin ƙofa. Duk mai son magana da rumbu sai ta wurinsa. Windows ɗin da kwamfutar ta zo da shi daga masana'anta an haɗa shi da ɗan tafintan da ke jin yaren wannan sarkin ƙofa, shi ne ake kira direba. Wanda na sauke a kile kuwa na kowa da kowa ne, bai zo da wannan tafinta ba. Ya iso ƙofa, ya yi sallama, ba a fahimce shi ba, sai ya dawo ya ce min babu kowa a gidan.

“Injinan ofis ɗinku tsofaffi ne, Mushe, shi ya sa ba ku taɓa cin karo da shi ba.”

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na yi shiru.

Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a kashe VMD ɗin a cikin BIOS, rumbu ya fito fili kowa ya gan shi. Minti ɗaya ta isa. Na ce to a yi mana. Ya girgiza kai. Ya ce da babu abin da nake so a ciki, da ita zai bi. Amma akwai injinan da rumbunsu guda biyu ne aka ɗaure suka zama ɗaya, kuma wannan tsarin ne igiyar. In aka kwance ta, abin da ke ciki yana iya watsewa. Akwai kuma waɗanda rumbunsu ke kulle da BitLocker, taɓa saitin injin yana iya sa su nemi mabuɗi mai lamba 48. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin irin wannan mabuɗi. Na ce ko a mafarki.

“To ba za mu taɓa komai ba sai Baba ya fito.”

Haka ya ce, Baba, kamar nasa ne. Na kau da kai ina kallon titi.

Hanya ta biyu ita ce a kawo tafintan. Ya kifa kwamfutar ya karanta lambar samfurinta a ƙasa, ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ya nemo direban da ake kira Intel Rapid Storage Technology. Intanet ɗin wayarsa yana tafiya kamar hawainiya. Da ya sauka, ya ce a dunƙule yake, kuma shafin girkawa ba ya iya kwance ƙulli. Sai da ya warware shi a tasa kwamfutar, ya fitar da wata jaka mai ƴan fayiloli, ya zuba a wani kile nasa. Muka koma farin filin nan na jiya. A ƙasa, gefen hagu, akwai wani ɗan rubutu da ke cewa a ɗora direba. Jiya na gan shi sau goma ban tambayi kaina amfaninsa ba. Ya danna, ya nuna jakar, ya zaɓi layin da ke da VMD a sunansa. Wani koren zare ya fara tafiya a allon.

Sai ga su sun fito, layi huɗu. Ƙanana uku, da babba ɗaya mai giga ɗari huɗu da saba'in da wani abu.

Ban san na miƙe tsaye ba. Kuma, don mai karatu ya san hali zanen dutse ne, hannuna ya kai kan kwamfutar zan danna ci gaba. Ya riƙe min wuyan hannu, a hankali, irin riƙon da ake yi wa babba.

“Mushe, a karanta tambaya har ƙarshe.”

Mu duka muka fashe da dariya, har maƙwabcinsa mai sayar da caja ya leƙo. Dariyar da na yi ke nan ta farko cikin kwana biyu, kuma a cikinta ne wani abu ya faɗo min wanda ya sa gwiwata ta yi sanyi na koma na zauna. Da a ce jiya da dare rumbun ya bayyana, da na goge layukan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ina murna, ina ganin ai akwai kwafi. Da kafin in kwanta na zuba sabon Windows a kan muryar mahaifina. Abin da na kwana ina kuka da shi, shi ne ya tsare ni daga kaina. Wani hanin ga Allah baiwa ne. Na sha faɗar wannan magana ga wasu, ranar ce na ji ta a jikina.

Ya danne Shift da F10, ya rubuta notepad, ɗan allon rubutu ya buɗe. Ta wurin da ake buɗe fayil ya leƙa cikin rumbun. Ba a kulle yake ba. Harafinsa ne kawai ya sauya, ba C ba ne kamar yadda na saba. Ya bi ta sunana, ya shiga, sai ga jakar: “Hirar Baba”. Ya kwafa zuwa wani rumbu na waje. Ya gargaɗe ni cewa a nan ba a nuna ko aiki ya kai ina, sai dai haƙuri. Muka zauna muna kallon allon da ba ya motsi. Aka kira azahar, muka je muka dawo. Ya cire rumbun wajen, ya soka a tasa kwamfutar, ya ƙirga. Arba'in da uku. Ya ce in zaɓi ɗaya mu tabbatar. Na ce ya buɗe ta farko.

Aka ji ƙarar tabarma, da kukan tantabarun gidanmu, da tari sau biyu. Sannan: “To, ka kunna abin naka? Me kake so in ce?”

Yaron ya tashi ya fita waje, wai zai duba wani abu. Ya daɗe bai dawo ba. Allah Ya saka masa.

Sai bayan nan ya share babban sashen ya zuba sabon Windows, abin da bai ɗauki awa ɗaya ba. Da na tambayi kuɗinsa ya ce babu. Na matsa, ya ce in dai dole ne, in sayi batiri, kuma in sayi kile mai wani launi daban. Na ce masa na tuna abin da na rubuta a takardarsa. Ya ce shi ma ya tuna, kuma gaskiya na rubuta, a lokacin ba ya mai da hankali, don ba ya ganin allo daga baya kuma yana jin kunyar faɗa. Sai a lokacin na lura da gilashin da ke fuskarsa. Shekara guda yana gabana, ban ga komai a wurinsa ba, na rubuta cewa babu. Ban tambaya ba ko ni ne ban iya dubawa ba. Na nemi gafararsa a tsaye a ƙofar shagon. Ya ce, “Haba Mushe,” ya raka ni har bakin titi.

Ranar Sallah da dare muka taru a ɗakin Inna. Na kunna hira ta goma sha biyu, inda yake lissafa kakanni. Yaya ta rufe fuska da mayafi. Jikoki da ba su taɓa zama wuri ɗaya ba suka yi tsit. Inna kuwa tana jan carbi ba ta ce komai ba, har ya zo inda yake cewa ya kai fata Kano shekarar da aka haifi Yaya. Sai ta ɗaga hannu.

“Tsayar. Ba haka ba ne. Shekarar da aka haifi mai bi mata ne. Kullum sai ya rikita.”

Ta faɗa tana hararar kwamfutar kamar yana zaune a wurin. Muka yi dariya har da hawaye. Washegari na dawo da waya na ajiye a gefen tabarmarta, ita ma.

Ga wanda irin wannan ta same shi, abin da na koya kaɗan ne. In shafin girkawa ya ce bai ga rumbu ba, kada ka yi saurin yi masa sallar gawa. Duba BIOS tukuna. In yana can, nemi direbansa a shafin waɗanda suka ƙera injin. Kada ka goge, kada ka sauya saiti, sai ka fitar da abin da ba ka iya sayen irinsa a kasuwa. Kilen da za ka yi girki da shi, buɗe shi ka gani da idonka kafin ka danna “to”. Kuma abu biyu da ke aljihun tebur ɗaya, a hannun mutum ɗaya, ba wuri biyu ba ne.

Yanzu muryar Baba tana Agadas wurin Yaya, tana Kano wurin ƙanenmu, tana kuma intanet. Nawa kilen na ɗaura masa ɗan zaren jar fata daga ragowar aikinsa da muka samu a ɗakinsa, don kada in sake ɗaukar sa a matsayin wani. Na kuma fara sauraron hirarrakin, ɗaya kowace Juma'a, ina rubutawa a littafi da alƙalami. Na kai ta ashirin da shida. Sunan kakanmu na biyar ya zauna a kaina yanzu, kuma ɗana na fari ma ya iya shi.

Allah Ya ji ƙan iyayenmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya.